Filin Tambaya da Amsa: Tsofaffin Taswirori da Kwafinsu na Zamani

Da yawa daga cikin wasiƙun da suka iso wannan fili a 'yan makonnin nan sun karkata ne ga batu ɗaya, wato tsofaffin taswirorin birane da ƙasashe, da kwafinsu da ake bugawa a yau ana ƙawata ofisoshi da ɗakunan karatu da su. Mun zaɓi biyar daga ciki, mun taƙaita tambayoyin, mun kuma sakaya sunayen masu su.

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. A cikin kayan da mahaifina ya bari na tarar da taswirar duniya a cikin firam. Takardar ta yi ja, rubutun na Latin ne, kuma akwai sunan Ortelius da wata shekara ta ƙarni na 16 a jikinta. Ta yaya zan gane ko ta asali ce ko kwafi?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya ji ƙan mahaifinka, ya kyautata makwancinsa. Abu na farko da ya kamata ka sani shi ne, shekarar da ke rubuce a jikin taswira ba ta tabbatar da shekarun takardar da ke hannunka, domin duk wanda ya ɗauki hoton tsohuwar taswira ya sake bugawa, har da shekarar zai kwafo. Abraham Ortelius ya fitar da kundin taswirorinsa a birnin Antwerp a 1570 da taswirori 53, aka yi ta sake buga shi ana ƙara masa shafuka har zuwa 1612, cikin harsuna bakwai. Saboda haka shafukansa na asali suna nan a hannun jama'a, kuma ba abin mamaki ba ne a ci karo da ɗaya, sai dai kwafin da aka buga a ƙarni na 20 domin ado ya fi su yawa nesa ba kusa ba.

Ba za ka iya yanke hukunci tana cikin firam ba, domin shaidun da ake nema suna gefen takardar ne da bayanta. Ka fitar da ita a hankali, da hannu mai tsabta kuma busasshe, ka shimfiɗa ta a kan tebur. A zamanin Ortelius ana sassaƙa taswira ne a kan farantin jan ƙarfe da wani ɗan ƙarfe mai tsini, kuma a juye ake yi, har da rubutun, domin ta fito daidai a takarda. Sai a shafa tawada ta cika tsagogin, a goge saman farantin tas, a ɗora takarda mai ɗan danshi, a bi da su ta cikin na'urar matsi har takardar ta zuƙo tawadar daga cikin tsagogin. Wannan matsi yana barin shata mai kusurwa huɗu da ta kewaye zanen, daidai inda bakin farantin ya danne takardar, kuma idan ka bi ta da yatsa za ka ji ɗan kwari. Layukan tawadar ma sukan ɗan taso sama da fuskar takardar.

Daga nan sai ka samo gilashin ƙara girma ka duba wurin da aka yi launi, musamman teku ko iyakar wata ƙasa. Launin tsohuwar taswira da hannu aka shafa shi da buroshi bayan an gama bugu, don haka za ka ga ya yi kauri a nan ya yi ruwa a can, wani wurin ma ya ɗan tsallake layi. Idan kuwa ka ga launin ya rarrabu zuwa ƙananan ɗigo-ɗigo, shuɗi da ja da rawaya da baƙi, jere cikin tsari ko a warwatse kamar yayyafi, to aikin injin zamani ne, kuma magana ta ƙare a nan. Wannan gwaji shi kaɗai yana tankaɗe mafi yawan kwafin da ke yawo.

Idan ta tsallake wannan, ka ɗaga ta a gaban haske. Takardar Turai ta wancan zamani da tsummokara ake yin ta, a kan wata raga ta waya, kuma ragar tana barin siraran layuka masu yawa a manne da juna, da wasu masu ɗan kauri da suka gitta su, tazarar kimanin santimita biyu zuwa uku a tsakaninsu. Sau da yawa akwai tambarin masu yin takardar a cikin jikinta, wanda ba ya bayyana sai a gaban haske. Takarda mai santsi wadda ba ta da waɗannan layuka ba ta bayyana a Turai ba sai wajen 1757, wadda ake yi da itace kuwa sai a tsakiyar ƙarni na 19 ta yaɗu. Ka kuma juya bayanta. Shafin Ortelius na asali daga cikin littafi ya fito, don haka za ka ga karyar ninki a tsakiyarsa, wani lokaci da ragowar siririyar takardar da aka liƙa shi da ita a littafin, kuma akasari akwai bayanin ƙasar a buge a baya. Koren launi na dā, wanda ake haɗawa da jan ƙarfe, yakan ci takarda a tsawon ƙarnuka har ya ɓullo ta baya da launin ƙasa-ƙasa, kuma wannan shaida ce mai wuyar ƙirƙira.

Jan da ka ce takardar ta yi shi ne mafi raunin hujja. Masu son tsufantar da kwafi sukan jiƙa shi da ruwan shayi, wasu har su babbake gefensa, alhali takardar tsumma ta gaskiya takan kai shekara ɗari huɗu tana da haske da ƙwari. Kada kuma ka dogara da alama ɗaya tak, domin taswirar da aka buga da katako ko da dutse ba ta da shatar faranti ko da ta asali ce, kuma ƙwararren mai jabu yana iya samo tsohuwar takarda ya yi aiki a kanta. Jami'ar Yale ta Amurka ta bayyana wa duniya taswirar Vinland, wadda aka ce tana nuna wani yanki na Arewacin Amurka tun kafin tafiyar Columbus, a 1965 a matsayin aikin ƙarni na 15, aka shafe shekaru ana muhawara a kanta, sai a 2021 jami'ar da kanta ta tabbatar cewa jabu ce, bayan bincike ya nuna tawadar tana ɗauke da wani sinadari da ba a fara amfani da shi a tawada ba sai a shekarun 1920. Idan taka ta tsallake duk gwaje-gwajen nan, ka kai ta wurin masanin adana takardu a gidan tarihi ko babban ɗakin karatu kafin ka saurari kowane dillali.

Tambaya: Malam, ni malamar makaranta ce. Na rataye kwafin taswirar al-Idrisi a aji, ɗalibaina suka ce na juyar da ita, ƙasa ta koma sama. Wani abokin aiki kuma ya ce ba ma al-Idrisi ne ya zana ta haka ba. Ina gaskiyar take?

Amsa: Malama, ba ki juyar da ita ba. Al-Idrisi, haifaffen Sabta a gaɓar arewacin Afirka, ya kammala littafinsa Nuzhatul Mushtaƙ a 1154 a birnin Palermo, a fadar Sarki Roger na biyu na tsibirin Sisili, kuma kudu ya sa a sama kamar yadda masana labarin ƙasa na duniyar Musulunci da dama suka yi kafinsa. Wasu masu bincike suna danganta wannan da cewa Makka tana kudu da yawancin garuruwan da ilimin ya bunƙasa a cikinsu, don haka aka ɗaukaka wannan nahiya. Turawa na wancan zamani kuwa gabas suke sawa a sama, kamar yadda ake gani a taswirar Hereford ta Ingila, wadda aka zana a kan fatar maraƙi wajen 1300, da birnin Ƙudus a tsakiyarta. Har wajen 1450, Fra Mauro na birnin Venis kudu ya sa a sama. Arewa ta kafu a sama ne sannu a hankali, bayan an fassara littafin Batlamus, tsohon masanin labarin ƙasa na Iskandariyya, zuwa Latin a farkon ƙarni na 15, aka soma buga shi da taswirori daga 1477, ga kuma matuƙan jiragen ruwa da suka dogara da allurar nan mai nuna arewa. Duniya dunƙulalliya ce, ba ta da sama ko ƙasa, kuma ina ganin wannan darasi ne da ya fi a gyara wa taswirar zama a bango.

Abokin aikinki ma yana da gaskiyarsa. Al-Idrisi ya kasa duniyar da ya sani gida bakwai daga kudu zuwa arewa, kowane gida ya yanka shi goma, ya zama yanki 70, kowanne a shafinsa cikin littafi, tare da wata ƙaramar taswira zagayayya ta duniya baki ɗaya. Doguwar taswirar nan mai faɗi da aka fi sayarwa a yau, wani masani Bajamushe mai suna Konrad Miller ne ya harhaɗa yankunan wuri guda a shekarun 1920, ya kuma mayar da sunayen zuwa haruffan boko. Idan sunayen da ke taki da boko suke, to daga aikin Miller ta samo asali. Faifan azurfar da aka zana wa Sarki Roger taswirar duniya a kansa bai tsira ba, haka ma littafin da al-Idrisi ya rubuta da hannunsa. Abin da ya rage a ɗakunan karatu na Paris da Oxford da Istanbul da Alƙahira kwafi ne da marubuta suka yi da hannu bayan zamaninsa. Ki gaya wa ɗalibanki wannan silsila yadda take, domin da ba don masu kwafa ba, da ko sunan wannan aiki ba mu ji ba.

Tambaya: Malam, na ga wata tsohuwar taswirar Afirka ta Yamma da dogon jerin duwatsu da babu su a zahiri. Idan har suna cike da kurakurai irin wannan, mene ne amfaninsu?

Amsa: Duwatsun Kong ka gani, Malam. James Rennell na Ingila ne ya fara sa su a taswirar da ya zana a 1798 domin rakiyar labarin tafiyar Mungo Park, bisa hasashen cewa dole akwai wani babban tsauni da kogin Neja ke gangarowa daga gare shi. Masu zane na baya suka yi ta kwafar juna, duwatsun suka zauna daram a gomman taswirori kusan shekara casa'in, har sai da Bafaranshe Louis-Gustave Binger ya ratsa yankin tsakanin 1887 da 1889 ya tarar babu su. Haka Kalifoniya ta zama tsibiri a taswirorin Turai tun daga shekarun 1620, kuma ko bayan da Eusebio Kino ya nuna wajen 1700 cewa ana isa can ta ƙasa, wasu maɗaba'u sun ci gaba da buga ta a tsakiyar ruwa, domin farantin jan ƙarfe yana da tsada kuma gyara shi aiki ne.

Wani kuskuren kuma daga ƙarancin kayan awo ya taso. Sanin nisan wuri daga arewa zuwa kudu abu ne mai sauƙi ga wanda ya iya auna tsayin rana ko tauraro, amma nisa daga gabas zuwa yamma yana buƙatar agogon da ba ya saɓa lokaci a kan teku, kuma ba a samu irinsa ba sai da John Harrison ya ƙera nasa wajen 1760. Shi ya sa Batlamus ya miƙar da Bahar Rum ta kai digiri 62, alhali ba ta wuce kimanin 42 ba. Akwai kuma abin da ba kuskure ba ne, zaɓi ne: tsarin da mai zanen taswira Mercator ya fito da shi a 1569 domin matuƙan jiragen ruwa su riƙa bin miƙaƙƙen layi yana kumbura ƙasashen da ke nesa da tsakiyar duniya, har tsibirin Girinlan ya yi kamar ya kai Afirka, alhali Afirka ta ninka shi kusan sau 14.

Amfanin tsohuwar taswira ba nuna hanya ba ne, shaida ce a kan abin da mutanen wani zamani suka sani, da abin da suka ji, da abin da suke kwaɗayi. Ka dubi kundin da aka zana a tsibirin Mayorka a 1375, wanda ake danganta shi ga Abraham Cresques, yake kuma ajiye a babban ɗakin karatu na Faransa. A can ƙasan hamada ga Mansa Musa na Mali zaune a kan karaga, da kambi a kansa, da sanda a hannu ɗaya, ɗayan hannun kuma ya ɗaga ƙwallon zinariya yana nuna wa wani mai rawani da ke tahowa a kan raƙumi. Shekara hamsin da ɗaya ke nan bayan hajjinsa na 1324, kuma wannan ɗan hoto ya nuna mana yadda labarin dukiyarsa ya ƙetare teku ya zauna a zukatan 'yan kasuwar Turai.

Tambaya: Malam, shekaruna sun haura saba'in, kuma abin da ke ɗaure mini kai shi ne taswirorin birane na dā da ake ganin gidaje da tituna kamar daga sama aka hango su. Yaya aka yi suka zana haka alhali babu jirgin sama?

Amsa: Baba, Allah ya ƙara muku lafiya da nisan kwana. Da ƙafa da igiyar awo da lissafi suka yi shi, sannan suka ƙaddara a zuci yadda birnin zai kasance ga idon tsuntsu. Jacopo de' Barbari ya fitar da hoton Venis a 1500 a kan alluna shida na katako, faɗinsa ya kusa mita uku, bayan aikin shekara uku, kuma masana sun fi karkata ga cewa an yi ta hawa hasumiyoyin birnin ana ɗaukar awo, sannan aka haɗa abin da aka gani daga wurare dabam-dabam ya zama kallo guda wanda babu ɗan Adam ɗin da ya taɓa yin sa. Allunan suna nan har yau a wani gidan tarihi na birnin. Daga 1572 zuwa 1617 kuma Georg Braun da Frans Hogenberg suka fitar da juzu'i shida a birnin Kolon na Jamus, masu ɗauke da hotunan birane sama da ɗari biyar, da mutanen kowane gari a gaba cikin tufafinsu.

Wadda ta fi burge ni ita ce taswirar Paris ta 1739, wadda ake kira da sunan Turgot, shugaban hukumar birnin da ya ba da aikin. An ba mai zanen, Louis Bretez, izinin shiga gidaje da lambuna domin ya auna, ya shafe shekara biyu yana wannan, aka buga sakamakon a shafi 20. Idan kun matso da ido za ku ga tagogin gidaje ɗaya bayan ɗaya, da bishiyoyin lambu a jere, da kwale-kwale a kan kogin Sen, da gidajen da aka gina a kan gadoji. Da yawa daga cikin waɗannan lunguna an rushe su a gyaran birnin da aka yi tsakanin 1853 da 1870, don haka a irin wannan takarda suka rage. Giambattista Nolli kuwa ya bi wata hanya dabam a taswirar Roma ta 1748, inda ya kalli birnin tsaye daga sama ba tare da karkata ba, ya baƙanta gine-gine, ya bar tituna da filaye da cikin majami'u fari, domin a ga duk inda jama'a ke da ikon shiga.

Tambaya: Malam, ina sha'awar waɗannan taswirori amma ba ni da ƙarfin sayen ta asali. Shin sayen kwafi ba yaudarar kai ba ce? Idan kuma zan saya, wanne ne mai kyau, yaya kuma zan adana shi?

Amsa: Hajiya, babu yaudara a cikin kwafin da aka kira shi da sunansa. Yaudara tana shigowa ne ranar da aka sayar da shi a matsayin na asali. Wasu taswirorin ma babu mai kuɗin da zai same su. Ta Martin Waldseemüller ta 1507, wadda aka fara rubuta sunan Amurka a jikinta, an ce kwafi dubu aka buga, amma guda ɗaya tak aka sani ta tsira, wadda aka gano a 1901 a wata fada a kudancin Jamus, kuma ɗakin karatu na majalisar dokokin Amurka ya kammala sayenta a 2003 a kan dala miliyan 10. Tun 1903 aka buga kwafinta domin masu nazari, kuma ta wannan hanya duniya ta san ta. Akwai wani dalilin da ya sa nake ƙarfafa wa mutane gwiwa su rungumi kwafi: yawancin shafukan asali da ke kasuwa daga littattafai aka yanko su, kuma tsadarsu ta sa an farke kundaye masu daraja an sayar da su shafi-shafi, wasu ma daga ɗakunan karatu aka sace su. Duk mai sayen ta asali wajibi ne ya nemi tarihin hannayen da ta bi.

Kwafin ma suna da daraja-daraja. Akwai wanda ake bugawa a yau da ainihin tsohon farantin, kamar yadda sashen bugu na gidan tarihi na Louvre ke yi da farantan taswirar Turgot, kuma irin wannan yana da shatar faranti duk da cewa takardarsa sabuwa ce. Akwai wanda ake yi domin nazari, daidai girman na asali da launinsa, har da tabon da zamani ya yi masa. Sai kuma na ado zalla, wanda shi ya fi yawa, kuma a nan ne ake buƙatar lura. Ki nemi wanda aka rubuta sunan mai zanen, da shekarar, da inda ta asali take ajiye. Ki duba mafi ƙanƙantar sunan gari a jikinsa, idan bai karantu ba, hoton da aka buga da shi ba shi da inganci. Ki lura ko an miƙar da zanen domin ya cika firam, abin da ake ganewa idan da'ira ta koma kamar ƙwai. A 'yan shekarun nan ma an soma sayar da hotunan da kwamfuta ta ƙirƙira masu kama da tsofaffin taswirori, waɗanda sunayen cikinsu ba na kowane gari ba ne. Idan kina son ki buga da kanki, manyan ɗakunan karatu na Amurka da Faransa, da tarin David Rumsey da ke Jami'ar Stanford, sun sa dubban taswirori a intanet da hoto mai inganci. Ki karanta sharuɗɗan amfani da su, sannan ki nemi a buga miki da ɗigo 300 a kowane inci, a kan takardar auduga marar ƙyalli.

Adanawa kuwa, hasken rana da danshi su ne manyan abokan gaba, ɗaya yana kashe launi, ɗaya yana kawo fumfuna da jajayen tabo. Ki rataye ta a bangon da rana ba ta dukansa, a sa kwali marar asid tsakaninta da gilashi domin kada su manne, kuma idan da hali a sa gilashin da ke tace hasken da ke kodar da launi. Wadda ba a rataye ba a ajiye ta a shimfiɗe cikin babban fayil, kada a ninke ta. Idan wata rana Allah ya hore miki ta asali, kada ki bari a liƙa mata salatif ko gam, kada a rufe ta da leda a injin zafi, kada kuma a datse gefenta domin ta shiga firam, sai dai a yi firam ɗin daidai da girmanta.